Lokacin da Na Fitar da Teburina Baranda

Na yi aiki a wani gidan buga takardu da ke kan hanyar shiga Ƙofar Ran a Bauchi, tun ina budurwa har na yi aure na koma Fadaman Mada da zama. Wurin ba wani babba ba ne. Akwai shago a gaba inda ake karɓar aiki, sai wani dogon lungu mai duhu, sai ɗakin baya inda injin yake. A ɗakin bayan nan teburina yake. Aikina naɗe takardu, jera shafuka, shafa gam da ɗinke littattafai. Katin aure, kalanda, takardun jarrabawar makarantu, duk ta hannunmu suke bi kafin su fita.

Mu biyu ne mata a wurin. Ɗayar Basayiya ce daga wajen Bogoro, Kirista, ta girme ni sosai, ina ce mata Yaya. Ita ta koya mini riƙon allura da yadda ake daidaita bakin takarda da tafin hannu. Sai dattijon da ke tuƙa injin, muna ce masa Baba, mutum ne marar magana mai yawan tari. Mai wurin wani Alhaji ne da hankalinsa ya fi karkata ga gonarsa a Miri, ba kasafai muke ganinsa ba. Ya bar komai a hannun manaja, ƙanen matarsa.

Ɗakin bayan ba shi da taga, sai wasu 'yan ramuka can sama kusa da rufi. Da tinna, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, da fetur ake wanke injin idan za a canja tawada, kuma manaja ya ce wanke-wanke aikin mata ne, saboda haka tsummokaran da farantan tawadar mu ake turo wa. Warin yakan shiga kaya, ya shiga gashi. In na hau keke mai ƙafa uku da yamma, wanda ke kusa da ni yakan ɗan juya fuska. Ni kuwa na saba, har na daina ji.

Akwai abin da kowa ya sani a wurin, ko da yake ba a taɓa faɗinsa a fili ba. Duk macen da cikinta ya fito, manaja zai kira ta cikin ladabi ya ce ta je gida ta huta, in ta haihu za a neme ta. Ba a taɓa neman kowa ba. Yaya ce kaɗai ta tsira, don ta ɗaure cikinta da zani har ya kusa faɗuwa, bayan ta haihu kuma ta yi ta sintiri tana roƙo har aka mayar da ita. Sharaɗin shi ne kada a ga jariri a wurin. Don haka da azahar ƙanwar mijinta ke kawo mata yaron ta bayan gini. Yaya ta wanke hannu da kalanzir don tawadar ta fita, ta bi da sabulu a gurguje, ta tsaya a bakin kwata ta ba shi nono a tsaye, tana waiwaye. Wani lokacin yaron ya ƙi kamawa, ya yi ta kawar da kai saboda warin jikinta. Ta dawo da nono cike, zuwa la'asar gaban rigarta ya jiƙe, ta yafa ɗankwali ta ci gaba da ɗinki. Mazan su yi kamar ba su gani ba.

Da na samu nawa cikin, hijabi ya taimake ni. Na ɓoye, kamar yadda na ga an yi. Amma hancin da ya daina jin wari ya farka. Da zarar Baba ya buɗe galan ɗin tinna sai zuciyata ta tashi, in ruga bayan gida, in dawo in ce ulsa ce.

A wurin awo asirin ya tonu. Sistar da ke duba ni ta sunkuyo za ta auna ni, sai ta ɗago ta tambaye ni ko fenti nake sayarwa. Na gaya mata aikina. Ta ajiye abin awon ta yi mini tambayoyi, wane irin ɗaki ne, akwai iska, ina ɗaukar kaya masu nauyi, ina samun zama. Sannan ta ce abin da nake shaƙa ba ni kaɗai nake shaƙa ba, in nisanci tinna da hayaƙi, in daina ɗaga bandir ɗin takarda, in riƙa zama ina miƙe ƙafa. Ba ta tsorata ni ba, ta dai faɗa a fili, kuma na ji.

Maigidana malamin firamare ne, mai sanyin hali. Da na gaya masa, ya ce abin mai sauƙi ne, in bar aikin, Allah zai rufa asiri. Na san don tausayi ya faɗa. Amma a ranar na kasa cin abinci don haushi. Shekarun da na yi ina koyon sana'ar nan, yatsuna duk sun yi kanta, kuma ni ce zan tattara in tafi don na yi abin da kowace mace ke yi? Inji da galan ɗin tinna su zauna daram, ni in fita? Na ce masa ya ba ni dama in gwada magana tukuna. Ya dube ni ya ce ya san in na sa abu a gaba ba na ji, amma in kula da kaina.

Na sami manaja a shagon gaba, na gaishe shi, na faɗa masa halin da nake ciki, kaina a ƙasa. Abu kaɗan na nema. A ɗauke mini wankin farantai, a bar ɗaga kaya, a matsar da teburina kusa da ƙofa. Ya saurare ni yana danna waya. Da na gama ya ce, "Malama, nan ba aikin gwamnati ba ne. Kowa da lalurarsa. In na gyara wa kowa wuri yadda yake so, yaushe za a yi aikin?"

Bai ce in je in huta ba, don lokacin aiki ya yi yawa, 'yan siyasa suna ta kawo aikin buga fastoci, yana bukatar hannu. Na koma teburina.

Damina ta kankama. Ruwa ya taɓa dukan janareto har ya ƙi tashi, sai manaja ya sa aka shigo da shi cikin lungun, dab da ƙofar ɗakinmu. Wuta kuwa ba ta zama. Yanzu ga tinna a ciki, ga hayaƙi a bakin ƙofa, ga ƙara. Kaina ya riƙa sarawa tun kafin azahar. Wata rana na sunkuya zan ɗauki tarin fastoci, sai na ga ɗakin ya yi baƙi daga gefe-gefe. Ban faɗi ba, na dai zame na zauna a ƙasa. Yaya ta ja ni ta cikin hayaƙin har baranda, ta yayyafa mini ruwa, mai masar da ke maƙwabtaka da mu ta kawo mafici tana yi mini fifita. Ina zaune iska na shiga ƙirjina, na ji abin cikina ya motsa, sai hawaye suka zubo mini.

Manaja ya leƙo ya ce sannu. Sannan ya ce yana ganin gara in je gida in huta, in na haihu za a neme ni.

Na hau keke na tafi gida.

Washegari na riga manaja zuwa. Na ce wa Yaya ta kama mini teburina mu fitar da shi baranda. Ta zaro ido, ta ce in rufa mata asiri, da ƙyar ta samu aka mayar da ita. Na ce to, ta matsa, zan ja abina. Na kama gefe ɗaya na fara ja, ƙafar teburin tana kuka a kan siminti. Baba da ke shafa wa injin mai ya ajiye tsumma, ya zo ya ture hannuna, ya kama gefen. Yaya ta tsaya jim, sannan ta kama ɗaya gefen. Suka bi da shi ta lungu, ta cikin shago, suka dire shi a baranda, daidai ƙarƙashin allon da aka rubuta sunan wurin. Na kwaso gam da allura da zare, na aro kujerar roba a wurin mai masa, na zauna na fara aiki.

Da manaja ya sauka daga mashin ya gan ni, ya tsaya da makulli a hannu. Ya tambayi me ke nan. Na ce aiki nake yi. Ya ce ai jiya ya sallame ni in je in huta.

"Yallaɓai, ban gaji ba," na ce. "Hayaƙi ne ba na iya shaƙa. A nan kuwa babu shi."

Ya ce in mayar da teburin ciki ko in kama hanyar gida. Na ce ciki ba zan koma ba sai an fitar da janareto, gida kuma wanda ya ɗauke ni aiki shi zai ce in tafi, kuma Alhaji ne ya ɗauke ni. Na ci gaba da naɗe takardata. Mutane sun fara rage tafiya suna kallo. Ba ya son a ji su da mace a bakin titi, sai ya shige ciki.

Abin da ya fi wuya ba manaja ba ne. Masu kawo aiki sun san ni, duk wanda ya zo sai ya tambayi abin da ya fito da ni waje. Ranar farko na yi ta kame-kame. Daga baya na ga in na ɓoye dalilin, zaman nawa ba shi da amfani. Sai na fara faɗa kai tsaye, juna biyu gare ni, ɗakin ciki kuma hayaƙi ne da tinna. Wanda ya taso a cikin ganuwar Bauchi ya san nauyin wannan magana. Cikin fari ne, wanda ko a gaban uwarki ba kya ambata. Maza suka riƙa sunkuyar da kai suna cewa Allah ya raba lafiya, su shige da sauri. Mata kuwa sukan tsaya. Wata malamar makaranta da ta zo karɓar takardun jarrabawa ta leƙa lungun da kanta, ta fito tana toshe hanci da mayafi, ta ce wa manaja abin da ta ce.

Gidan iyayena yana cikin Ƙofar Ran, tafiyar ƙafa ce daga wurin aikin. Labari bai kwana ba ya isa kunnen mahaifiyata. Ta aika in biyo ta gida. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce an ce ina zaune a bakin titi ina shelar ciki kamar mai tallan goro, wa ya koya mini wannan rashin kunya? Ta ce su da suka haife mu, surfe da daka suka yi har ranar naƙuda, ba wanda ya ji bakinsu. Na ce, "Inna, ke a tsakar gida kika yi naki, iska na kaɗa ki. Ki zo ki shiga ɗakin nan, in kin iya minti kaɗan a ciki, gobe zan mayar da teburin." Ta ce ba inda za ta. Da zan tafi ta ƙulla mini garin kunu, ta ce in riƙa sha da safe kafin in fita, amma har na kai zaure tana faɗa.

Manaja ya canja dabara. Ya hana a kawo mini aiki. Na zo da safe na tarar da teburina fayau, na zauna haka nan. Can sai Yaya ta fito kamar za ta sha iska, ta ajiye mini rabin nata ta koma. Haka muka riƙa yi. Da hadari ya taso, manaja ya tsaya a ƙofa yana jira ya ga takarda ta jiƙe ya sami abin faɗa. Na riga na tanadi babbar leda, na lulluɓe aikin, na danne da duwatsu, na ja kujera jikin bango ina kallon ruwa. Feshin ya jiƙa mini ƙafafu, takarda ko ɗaya ba ta jiƙe ba.

Ana cikin haka, wata azahar na hango ƙanwar mijin Yaya za ta zagaya baya da yaron. Na kira ta na karɓe shi. Da Yaya ta fito na tashi na ba ta kujerata, na ce ta zauna. Ta dubi ƙofar shago, ta dube ni. Na ɗebo ruwa a buta na zuba mata ta wanke hannu a tsanake har sau biyu, na tsaya a gabanta na baza hijabina na kare ta daga titi. Ta zauna ta ba shi. Yaron ya sha har barci ya ɗauke shi. Ta ce mini a hankali, tun da ta dawo aiki wannan ne karon farko da ta shayar da shi a zaune da rana.

Manaja ya gani. Ya ce mata ta karya sharaɗi, ta san abin da zai biyo baya. Na zaci za ta ba shi haƙuri. Sai ta gyara wa yaron kwanciya a cinyarta, ta ce da Hausarta ta mutanen kudancin Bauchi, "Oga, yaro ya ci abinci ne. Ba laifi ya yi ba."

Ba mu muka kai ƙara wurin Alhaji ba. A masallaci aka tare shi da maganar, wasu abokansa suka tambaye shi abin da ya sa mai ciki ke aiki a barandarsa. Ya zo rai a ɓace, takalmansa da taɓon gona. Ya shiga shago ya ce a kira ni. Na gaishe shi na durƙusa, sannan na roƙi alfarma ɗaya, mu yi maganar a inda nake aiki. Wuta ba ta nan, janareto na ta ruri. Ya bi ni ta lungun yana kare fuska da hannun riga. Baba kuwa lokacin yana wanke injin, galan a buɗe.

Alhaji ya fara faɗa. Ya ce na kunyata shi a gari, me ya hana ni zuwa gidansa in gaya masa a asirce? Na ce na gaya wa wanda ya wakilta, an ce mini nan ba aikin gwamnati ba ne. Ya buɗe baki zai ci gaba sai tari ya sarƙe shi. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya dubi rufi, ya dubi bango yana neman taga. Na bar shi ya nema.

"Ranka ya daɗe, a nan muke yini," na ce.

Ya ce a kashe janareton. Da ƙarar ta ɗauke ya juya ga manaja ya tambayi wanda ya ce a shigo da shi ciki. Manaja ya fara bayanin ruwan sama da ɓarayi. Alhaji ya ce a kira mai walda ya yi masa keji a waje, a kira magini ya fasa taga. Wankin farantai kuma a ba maza. Ya juya zai fita, a ganinsa an gama.

Na ce saura maganar Yaya da yaronta. Nan ya daburce. Dattijo ne, maganar shayarwa ba abin da yake so ya ji daga bakin 'yar cikinsa ba ne. Ya ce wannan zancen mata ne. Na ce mata ne ke yi masa aiki, kuma ni ma nan da 'yan watanni layin da zan shiga ke nan. Akwai wani ɗan sito kusa da shagon gaba da aka cika da tarkace. Na ce shi muke so, da izinin fita mu shayar idan lokaci ya yi. Ya ɗaga hannu ya ce mu ɗauka, mu ɗauka. Sai na tambaye shi ko zan tarar da aikina bayan na haihu. Ya ce Allah ya kai mu. Na ce amin, amma ina so in ji daga bakinsa. Ya dube ni sosai, ya ce bai taɓa ganin yarinya mai taurin kai irina ba, ya san mahaifina kuma ba haka yake ba. Ya fita bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ban mayar da teburin ba sai da na ga an fasa tagar da idona. Ƙarama ce, ba ta kai yadda na so ba, kuma warin tinna bai bar ɗakin gaba ɗaya ba, don haka duk lokacin da za a wanke inji nakan fita waje har a gama. Siton mu muka share shi, ni da Yaya, muka wanke, muka shimfiɗa tabarma, muka ajiye bokiti da sabulu. Manaja ya daina yi mini magana kai tsaye. In yana son abu sai ya ce wa Baba ya gaya wa waccan.

Na haifi 'ya mace lafiya. Bayan na gama wankan jego na ƙara 'yan makonni, na goya ta na hau keke na koma. Na tarar da wata a kan teburina, wata baiwar Allah da ba ta san komai a kan abin da ya faru ba. Manaja ya ce wa Baba ya gaya mini babu gurbi. Na ce wa Baba ya gaya masa Alhaji bai sallame ni ba. Na kwantar da 'yata a sito wurin ƙanwar mijin Yaya, na jawo benci na zauna kusa da sabuwar, na ce ta miƙo mini rabin abin da ke gabanta. Ta miƙo. Manaja ya fita waje ya kira Alhaji a waya, ya daɗe yana magana yana nuna ɗakin da hannu. Abin da aka ce masa ban sani ba. Ya dawo ya zauna a kujerarsa, ni kuma na ci gaba da zuwa kowace safiya.

Yaya ta bar wurin bayan shekara guda, ta buɗe ɗan shagonta na ɗinkin littattafai a Yelwa, kusa da ɗalibai. Ni na zauna har na yi goyo na biyu a wurin, sannan na tafi don kaina, lokacin da na ga dama. Mahaifiyata har ta rasu ba ta yarda na yi daidai ba, takan ce dai Allah ya rufa asiri abin bai ɓaci ba.

Manajan yana nan, ya manyanta. Mukan haɗu jefi-jefi a kasuwar Wunti. Yakan tambayi yara, in ce suna lafiya, in tambayi iyalinsa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Wata rana matarsa ta ce mini har yanzu yana ganin ya kamata a ce na ba shi haƙuri a kan abin da na yi masa a gaban jama'a. Na ce ta gaishe shi.